Ɗauri Na Biyu

Litinin, 2 ga Yuni

Babu aiki. Na buɗe rumfa, na share, na jera sifanu bisa girmansu kamar akwai mai zuwa duba su. Da rana mai waldan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo, baƙin tabarau a goshi, ya ce, "Injiniya, yau ma ofis ba baƙi?" Ya yi dariyarsa ya koma. Shi kaɗai ya rage mai kirana da wannan suna, shi ma don tsokana.

Da can ba tsokana ba ce. Takardar shaidar karatuna tana nan cikin akwati a ƙarƙashin gado, asu na karatunta. Ni ne shugaban sashen gyara na kamfanin sufuri lokacin da kamfani yake kamfani, in na shigo makanikai su miƙe. Aka sayar da shi ga waɗanda ba su san bambancin giris da man shafawa ba. Suka yi gwanjon motocin, suka yi gwanjonmu. Yanzu ga ni bayan filin 'yan gwangwan ina jiran manyan motocin da kowa ya ƙi. Tsoho na gyaran tsofaffi.

Abu ɗaya dai, ban taɓa ƙaga wa mota ciwon da ba ta da shi ba. Sakamakona ke nan, rumfar kwano.

Talata, 3 ga Yuni

Ruwa. Kwanon ya yi yoyo daidai kan benci, kamar bara.

Alhamis, 5 ga Yuni

Tun daga kwanar titi na hango ta tana tafiya a karkace, gaba na duban gabas, baya na neman kudu, kamar karen da aka jefa a ƙugu. Tsohuwar motar kaya, shuɗiya, mai dogon hanci, irin wadda aka daina ƙerawa tun ina da gashi. Na san ciwonta kafin ta tsaya. Wanda ya sauko daga ciki ne ban yi tsammani ba.

Ɗana ne, in ana maganar jini. Ya yi jiki. Har da silin furfura a gemu. Ya ɗan rusuna rabi-rabi, irin gaisuwar da ake yi wa mai gidan haya. "Baba, ina wuni." Na ce lafiya. Na tambayi motar, ban tambaye shi ba.

Rabona da shi tun rasuwar uwarsu, a ranar ma ba mu yi magana ba. Saura masa shekara ɗaya ya gama kwalejin fasaha ya ajiye littafi ya bi manyan motoci. Na ce masa gidana ba tasha ba ne, in ya zaɓi titi ya kwana a titi. Ya ɗauki jakarsa. Har yau ban ga kuskure a maganata ba.

Wai motar tasa ce, ya saya a hannun wani ɗan kwangila. Garejin zamani sun ce injinsu bai san irinta ba. Wani ya taɓa ta a bakin hanya, ta ƙara lalacewa. Ƙanwarsa ce ta ce ya kawo nan. Wato da ba don autar ba, da bai zo ba. Na gane.

Na shiga ƙarƙashi. Abin kunya. Sifirin ai fallayen ƙarfe ne a ɗore kan juna, yubol biyu, wato lanƙwasassun ƙusoshi masu noti, a kowane gefe sun rungume su sun matse su a jikin aksul, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi. Duk nauyin mota da na kaya a kan wannan rungumar yake. To na hagu sun saki, ƙusar tsakiya ta karye, aksul ya ja baya. Wani jaki ya ga noti na kwancewa sai ya ɗiga masa walda. Ƙananan kilif ɗin da ke hana fallayen bajewa babu biyu, an naɗe wurin da waya da tsumman roba. Da wannan yake ɗaukar siminti yana hawa tudu.

Na fito na ce ya bar ta zuwa jibi. Ya ce to. Ya miƙo makulli da hannu biyu, ya tafi ya tari motar haya.

A jikin madubin ciki an rataye takalmin jariri ƙafa ɗaya. Ba wanda ya gaya mini. Ko an gaya mini na ce ba ruwana, na manta.

Juma'a, 6 ga Yuni

Kasuwar kayan gyara tun safe. Kowa sai ya jawo mini yubol ɗin da aka kwance daga wata mota, ya goge da baƙin mai ya ce, "Baba, wannan ai sabo ne, mota ɗaya kawai ya yi." Yubol ba a maimaita shi. Ranar da aka fara ɗaure shi ya miƙe, haƙoransa sun ba da abin da za su bayar, in ka sake ɗaurawa kamar ka ɗaura wando da tsohuwar roba ne. Na gaya wa wani haka, ya ce, "To malam, lacca ka zo yi ko ciniki?" Masu shago na kusa suka kwashe da dariya.

A ƙarshe na sami sandar ƙarfe mai kyau a wurin wani tsohon maƙeri da ke da injin lanƙwasa. Na tsaya a kansa har ya lanƙwasa guda huɗu bisa awon da na kawo, ya fitar da haƙora. Bai yi mini surutu ba, ban yi masa ba. Mutumin kirki.

Na gefen dama ba su saki ba, amma su ma zan canza. Ba don kowa ba. Haka aikin yake.

Asabar, 7 ga Yuni

Na ce wa ɗan nawa ya zo da yamma ya ɗauka. Da safe na tarar da shi zaune kan tayar da ke ƙofar rumfa, sanye da tsohuwar riga. Ban ce ya tafi ba. Hannu biyu ba sa sauke sifirin babbar mota, wannan kowa ya sani.

Muka sa weji a tayoyi, muka ɗaga ta, muka tokare. Notin da aka yi wa walda sai da maƙwabcina ya zo ya yanke shi. Ya dube ni ya dubi yaron ya ce, "Injiniya, wannan hancin ai naka ne, ko a kasuwa aka gan shi a kawo maka." Ba wanda ya yi dariya. Ya tattara wayarsa ya fita.

Na warware fallayen ɗaya-ɗaya, na kankare tsatsa, na sa sabuwar ƙusar tsakiya, na buga sababbin kilif. Kafin in ce guduma, guduma na hannuna. Kafin in ce washa, ga ta. Tun yana ɗan makaranta haka yake, in yana hutu ya bi ni kamfani ya tsuguna yana kallo. Hannun da ya kamata a ce yana zana injuna, ga shi ya yi kanta da sitiyari. Na so in faɗa. Na haɗiye.

Maganarmu duk yinin: "Ɗaga." "Ya isa." "Sauke kaɗan." "Haka?" "Haka."

Na kama notocin sama-sama, muka sauke jak ta zauna da nauyinta, sannan na bi su a gicciye, wannan kusurwa sai waccan, kaɗan-kaɗan, don kada farantin ƙarfen da notocin ke matsewa ya kwanta gefe guda. A zagayen ƙarshe na zura bututu a sifana na ja, kafaɗata ta ce ba ta san zancen ba. Ya ce, "Baba, kawo in ja." Na ce ban mutu ba tukuna. Na sa ƙafa na taka har ma'aunin da ke jikin sifanar ya ƙwanƙwasa, alamar ɗauri ya kai. Takwas ɗin duka. Sai na ɗebo farin fenti na ja layi daga kowane noti zuwa faranti, yadda in ya motsa ido zai gani.

Da zai tafi na ce masa: in ka yi lodin farko ka je ka dawo, ka kawo ta. Sabon ɗauri yana zama. Fallayen za su kwanta da juna in sun ji kaya, ragowar tsatsa ta murƙushe, notin da ya yi tsam yau ya yi sako-sako. Ɗauri na biyu shi ne ɗauri. In ba a yi ba, aikin yau banza ne, kuma a gangara za ka sani.

Ya ce, "To, Baba." Irin "to" ɗin da ya ce mini ranar da na ce ya koma makaranta.

Ta fita a miƙe kamar an ja zare. Na tsaya har ta sha kwana, don in ga tafiyar bayanta.

Lahadi, 8 ga Yuni

Kafaɗa ta hana ni ɗaga buta. Na shafa man zafi da hannun hagu, inda hannu bai kai ba ya haƙura. Da uwarsu ce da ta shafa tana faɗa, wai ƙarfe ba ya tsufa ni nake tsufa.

Ɗakin nan ya yi mini yawa. Na kunna rediyo, ana ta gardama kan yadda za a gyara ƙasa. Na kashe.

Talata, 10 ga Yuni

Wani ya kawo ƙaramar motar ɗaukar yashi, birki. Na gyara. Ya ce in duba masa ko akwai wani abu, na ce babu. Ya yi mamaki har ya sake tambaya.

Alhamis, 12 ga Yuni

In lissafina daidai ne ya je ya dawo. Ba jiransa nake ba. Aikina nake jira, ban saba barin aiki rabi ba.

Duk motar da ta rage gudu a kwana sai na ɗaga kai. Wuyana ma ya fara ciwo.

Asabar, 14 ga Yuni

Auta ta kira, kamar kowace Asabar. Ka ci abinci, ka sha magani, yaya kafaɗa. Na ce yayanki bai kawo motar ba. Ta ce ai ya dawo tun shekaranjiya, motar lafiya lau, yana ta yabon aikin.

Na ce yabo ba ya ɗaure noti.

Ta ce, "Baba, in faɗi gaskiya? Yaya ya ce shi bai taɓa jin makanikin da ya gama aiki ya ce a dawo ba, in ba wani abu yake nema ba. Ni kuma na ce, in kana son ganinsa ka ce kana son ganinsa mana. Sai an bi ta ƙarƙashin mota?"

Na ce mata wannan ilimi ne, a rubuce yake a littafin kowane kamfanin da ya taɓa ƙera babbar mota, tun ba a haifi uwarta ba. Na ce in ya ga dama ya kai ta wurin jakin da ya yi wa noti walda. Na ce abubuwa da yawa. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ta ajiye.

Kafin ta ajiye ta ce ranar Laraba zai sake lodi, hanyar tudu.

Wato har 'ya'yan cikina sun ɗauka ni maƙaryacin makanike ne. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane gaskiyar motarsu ina kwana da yunwa, ga ladan.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ba zan je ba. Babba ba ya bin yaro.

Litinin, 16 ga Yuni

Mai walda ya shigo da labari a baki, wai wata motar siminti ta kife a gangara, bayanta ya fita ya bar ta. Ina riƙe da kofin shayi, ban san lokacin da na ajiye shi a kan giris ba. Na ce wace kala? Ya ce shi ina ya sani, a waya ya gani. Ya lalubo hoton. Ja ce. Sabuwa ma.

Ya dube ni ya ce, "Injiniya, zauna mana." Na ce a zaune nake. Ashe a tsaye nake.

Ai na san ba lodinsa ba ne, sai Laraba. Na sani sarai.

Talata, 17 ga Yuni

Na goge babbar sifana, na sa ta cikin buhu da bututun. Don kada su yi tsatsa, damina ce.

Laraba, 18 ga Yuni

Na je.

Motar haya biyu, buhu a kan cinya, wata mata tana ta ƙorafin ƙarfe na zungurarta. Ma'ajiyar simintin tana can ƙarshen gari. Manyan motoci a layi, 'yan dako fari fat kamar an tono su. Mai gadi ya tare ni ya ce ba a shiga da kayan gwangwan. Ni. Na ce masa makanike ne, an kira ni. Ƙarya ta farko ke nan, ta fita ba wuya.

Tana can ta uku a layi, an gama lodi ana ɗaure tamfol. Yana tsaye da wasu direbobi suna shan shayi. Da ya gan ni ya ajiye kofi ya taho da sauri. "Baba, lafiya? Wani abu ya faru?" Na ce abin da zai faru na zo hanawa. Ban jira ba, na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi. Ina jin wani yana tambaya, "Wane ne tsohon?" Ya ce, "Mahaifina ne. Injiniya ne." Haka ya ce. Ba dariya a muryar.

Na kafa sifana a noti na farko na ja. Ko gezau. Na zura bututu na taka. Ma'auni ya ƙwanƙwasa nan take. Na goge ƙurar simintin da babban yatsa, sai ga layin fentina ya rabu biyu, rabin da ke jikin noti ya wuce na faranti. Gaba ya wuce, ba baya ba. Na duba na biyu, haka. Na jawo jiki zuwa ɗaya gefen, haka. Takwas ɗin, kusan daidai da juna, kusurwoyin notocin suna ƙyalli inda sifana ta kama su kwanan nan.

An riga an yi. An yi shi da kaya a kai, an bi shi a gicciye, don farantin a kwance yake lif. Ba aikin bakin hanya ba ne. Na san hannun, shi ya ɗaure ta da kansa.

Na kwanta a wurin ina kallon aksul. Mota biyu na hau. Na yi wa mai gadi ƙarya. Ga takalmansa nan a gefen taya, ya tsuguna, ba ya leƙowa. In na fito na ce komai daidai, shi ke nan, ya ce na gode, ya hau tudu, ni in hau motar haya. Ba sauran abin da zai kawo shi bayan filin 'yan gwangwan, sai ko ranar da auta za ta kira shi ta ce an tarar da rumfa a rufe.

Na bi notocin ɗaya bayan ɗaya ina kafa sifana ina nishi, ba abin da ke motsi sai kafaɗata.

Daga sama ya ce, "Baba, sun saki?"

Na ce, "Kaɗan."

Ina jin 'yan dako suna wa juna ihu.

Ya ce, "Ashe." Can kuma ya ce, "To ai sai in riƙa kawo ta kana dubawa. Tsohuwa ce, ba a yarda da ita."

Na ce tsofaffi duk haka suke, sai ana dubawa.

Ya kamo hannuna ya jawo ni waje, ya kakkaɓe mini baya. Bai dubi idona ba, na gode masa da wannan. Ya ce in shiga ya sauke ni a mahaɗa, hanyarsa ce. Ba hanyarsa ba ce. Kujerar ta yage, soso a waje. Bai kunna rediyo ba. A mahaɗa na sauka na ce ya riƙa saukowa gangara da giya, ba da birki ba. Ya ce to.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ban yi wa kowa asara ba. Noti bai san an ja shi ko ba a ja ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Auta ta kira. Ka ci abinci, ka sha magani. Ba ta taɓo zancen motar ba, amma ina jin murmushi a muryarta, abin haushi. Na ce mata kafaɗa ta yi sauƙi, ta daina tambaya.

Talata, 24 ga Yuni

Ya zo da hantsi, ba kaya. Wai yana jin wata 'yar ƙara a baya, ƙis-ƙis, in ya taka rami. Na ce hagu ko dama? Ya yi tunani ya ce kamar hagu. Ko dama.

Muka zagaya da ita bayan filin, inda ramuka suka fi yawa, na kasa kunne. Motar nan shiru take kamar sabuwa, ni na ɗaure ta, na sani. Muka dawo na shiga ƙarƙashi, ya tsuguna yana miƙo sifanu. Na ƙwanƙwasa kilif ɗaya-ɗaya. Na sa giris inda akwai giris. Yana ba ni labarin wani tudu da injin ke zafi, na ce ya wanke lagireto, ya ce ya wanke, na ce bai wanku ba. Muka ɗan yi musu. 'Yarsa, mai takalmin nan, ta fara tafiya, in ji shi, tana kama kujera tana sakewa.

Mai walda ya leƙo ya ce, "Injiniya, me ya same ta kuma?" Na ce aikin manya ne, ya je ya ji da ƙofofinsa.

Har la'asar ban sami ƙarar ba. Na gaya masa irin wannan sai a hankali, wani lokaci sai an yi ta zuwa. Ya ce shi ma haka ya zata. Zai dawo in ya sauke lodi na gaba.

Dole in sa a matsar da tulin gwangwan ɗin da ke bakin hanya, da ƙyar ta shigo yau.